Liyafar rana da laccar tarihi: Kwalejin da ta yi kusan shekara 500 tana jingina da sarkin da bai kafa ta ba

A makon nan za mu leƙa birnin Oksfod na ƙasar Ingila, inda kwalejojin jami'ar garin suke da wata al'ada ta gayyato mambobin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu tallafa wa kwaleji, a ci abincin rana tare, sannan a saurari lacca, wadda sau da yawa a kan tarihin gidan ake yin ta. Za mu ɗauki kwaleji ɗaya mu yi misali da ita, wato University College, wadda mutanenta ke gajarta sunan su ce Univ.

Mun zaɓe ta ne saboda akwai wata badaƙala a tarihinta da ya kamata duk ɗalibin Tarihi ya sani. Kwalejin ta ce wani shahararren sarki ne ya kafa ta. Ta kai maganar gaban fada, daga baya kotu ta amince, har aka yi walimar cika shekara dubu. Duk wannan lokacin, takardun da ke ajiye cikin akwatunanta wani labari dabam suke bayarwa.

Kwaleji a cikin jami'a

Jami'ar Oksfod ba ta da haraba guda mai katanga da babbar ƙofa irin wadda muka saba gani a jami'o'inmu. Tana da kwalejoji fiye da 30 da suka warwatsu cikin gari, kowace da shugabanta da malamanta da ɗakin karatunta da ɗakunan kwanan ɗalibai da dukiyarta. Jami'a ce ke shirya manyan laccoci da jarrabawa, ita ce kuma ke ba da digiri. Kwaleji kuwa gida ce: nan ɗalibi yake kwana, nan yake cin abinci, nan kuma yake zama da malaminsa duk mako, shi kaɗai ko su biyu ko uku, a tattauna rubutun da ya yi.

Zauren cin abinci shi ne zuciyar kowace kwaleji. Dogayen tebura ne na katako a jere, bango kuma cike da zanen fuskokin shugabannin da suka shuɗe da masu ba da gudummawa. A can ƙarshen zauren akwai wani tebur a kan ɗan tudu, inda shugaba da manyan malamai da baƙinsu ke zama. A daren da aka keɓe don cin abinci na musamman, ana sa baƙar rigar ilimi, a kuma karanta addu'ar cin abinci da harshen Latin kafin a ɗauki cokali. Zauren Univ an gina shi a shekarun 1650, kuma addu'arta ta yi suna a Oksfod wajen tsawo, har ana cewa babu wadda ta kai ta.

Yadda ranar take kasancewa

Wanda ya yi karatu a irin waɗannan kwalejoji, mamba ne har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa ba sa ce masa tsohon ɗalibi, sai su ce tsohon mamba. Kwalejojin na da ƙungiyoyi iri-iri na waɗannan mutane. A Univ akwai wadda ake kira William of Durham Club, ta waɗanda suka sa kwalejin cikin wasiyyarsu, wato suka yi alkawarin bar mata wani abu daga dukiyarsu bayan ransu, kwatankwacin abin da muka sani na waƙafi. Duk shekara ana gayyatarsu liyafa a kwalejin.

Tsarin irin wannan rana a kwalejoji da dama kusan ɗaya ne. Baƙi su iso da hantsi, a gaisa, a sha shayi. Wani malami ko mai kula da taskar takardun kwaleji ya gabatar da lacca, a yi tambayoyi. Daga nan a wuce zaure a ci abinci, shugaba ya yi godiya tare da bayyana halin da kwaleji ke ciki. Wani lokaci akan fito da tsofaffin takardu daga taska a baje su, baƙi su gani da idonsu.

Kada mu ɓoye muku, akwai maganar kuɗi a ciki. Da gudummawar irin waɗannan mutane ake gyara gine-ginen da suka shekara ɗaruruwa, ake biya wa ɗalibai marasa ƙarfi kuɗin karatu, ake ɗaukar malamai. A nan ne aikin mai lacca yake da wuya. Mutumin da ya zo da niyyar bar wa makarantarsa dukiya, labari mai daɗi yake son ji. Malamin Tarihi kuwa abin da takarda ta nuna shi ne amanar da ke wuyansa. Tarihin Univ ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar daɗin labari ya rinjayi takarda.

Mutumin da ya bar mak 310

A shekarar 1249 wani malamin coci mai suna Wiliyam na Durham, wanda ya yi zaman ilimi a Paris, ya rasu a birnin Rouen na Faransa. Cikin wasiyyarsa ya bar wa Jami'ar Oksfod mak 310, don a sayi kadarori, kuɗin hayarsu ya ciyar da malamai goma ko fiye masu zurfafa karatun addinin Kirista. Mak ba tsabar kuɗi ba ce da ake riƙewa a hannu, ma'aunin lissafi ne da ya yi daidai da kashi biyu cikin uku na fam ɗaya. Ke nan abin da ya bari ya kai kusan fam 207, dukiya mai yawa a wancan zamani.

Jami'a ta sayi wasu gidaje da kuɗin, ta kuma ba da rancen wani kaso, wanda ba duka ya dawo ba. Da aka zauna aka yi lissafi wajen 1280, sai aka ga abin da ke shigowa malamai huɗu kawai zai iya ɗauka. Da su huɗun aka rubuta dokokin farko. Haka Univ ta soma: ƙarama, ba ta da kuɗi sosai, ba ta kuma koma wurin da take yanzu a babban titin Oksfod ba sai a ƙarni na 14.

Wannan ne ya sa har gobe ake gardamar wace kwaleji ce ta fi tsufa a Oksfod. Univ tana ƙirge daga 1249, shekarar da aka bar kuɗin. Balliol tana ƙirge daga 1263, tana cewa tun lokacin tana nan a wuri guda ba ta gusa ba. Merton kuma ta ce ita ce ta fara samun rubutattun dokoki na cin gashin kai, a 1264. Kowace tana da hujja. Abin da ya raba su shi ne ma'anar kalmar kafawa: ranar da aka ba da kuɗi ce, ko ranar da aka shiga gida, ko ranar da aka rubuta doka?

Yadda Sarki Alfred ya shigo maganar

A shekarun 1380 kwalejin ta faɗa cikin wata doguwar shari'a. Ta sayi wasu gidaje da filaye a Oksfod, sai wani ɗan kasuwa na Landan da matarsa suka taso suka ce gadon matar ne. Shari'ar ta fara juya wa kwaleji baya, kuma idan kadarorin suka tafi, babban kaso na abin da malaman ke ci ya tafi ke nan.

Sai malaman suka rubuta takardar koke da harshen Faransanci zuwa ga Sarki Richard na Biyu, wanda a lokacin matashi ne bai cika shekara 20 ba. Suka shaida masa cewa kakansa na nesa, Sarki Alfred, shi ne ya kafa kwalejin, don haka duk wanda ya taɓa ta gidan sarauta ya taɓa. Manufarsu a fili take: a ɗauke maganar daga kotun da suke shan kaye, a mai da ita gaban majalisar sarki. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, su kuwa da ba su da uwar, sai suka ƙirƙiro ta.

Sun iya zaɓe. Alfred ya mulki ƙasar Wessex ta kudancin Ingila daga 871 zuwa 899. Ya yi fama da mayaƙan Vikin da suka mamaye yawancin ƙasar, ya ci su da yaƙi a 878. An san shi da son ilimi: ya tara malamai a fadarsa, ya sa an fassara littattafai daga Latin zuwa Ingilishin zamaninsa, ya buɗe makaranta a fada. Bugu da ƙari, wani marubucin tarihi na ƙarni na 14, Ranulf Higden, ya riga ya rubuta cewa Alfred ya kafa makarantu a Oksfod. Wato jita-jitar tana yawo tun kafin shari'ar, malaman Univ suka kama ta suka ɗaure a ƙofar gidansu.

Amma sun yi wani kuskure da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya kamawa idan ya iya ɗebewa. Don su ƙara wa koken nauyi, sun lissafa manyan malaman da suka ce a kwalejin suka yi karatu, ciki har da Bede, marubucin tarihin Ingila na farko-farko, da wani babban limamin coci, John na Beverley. Bede ya rasu a 735. John ya rasu a 721. An haifi Alfred wajen 849. Ke nan ɗaliban sun rasu fiye da shekara 110 kafin a haifi wanda ya gina musu makarantar.

Sauran shaidu ma ba su taimaki labarin ba. Sunan garin Oksfod bai bayyana a babban kundin tarihin Ingila na wancan zamani ba sai a farkon ƙarni na 10, bayan rasuwar Alfred. Alamar koyarwa mafi tsufa da aka samu a garin ta wajen 1096 ce, kuma karatu bai bunƙasa sosai ba sai daga 1167. Duk da haka dabarar ta ci. Fada ta sa baki, daga baya aka sasanta rikicin. Daga ranar Alfred ya zama uban gida.

Gasar tsufa da Kambirij

Labarin ya samu taki a ƙarni na 16, lokacin da Oksfod da Kambirij suka shiga gasar wace ce babba. Da Sarauniya Elizabet ta Farko ta ziyarci Kambirij a 1564, mai jawabin maraba ya ce jami'arsu ta girmi Oksfod. Shugaban Univ na lokacin, Thomas Caius, ya rubuta raddi. Sai wani likita na Kambirij mai irin sunansa, John Caius, ya fitar da littafi a 1568 yana cewa wani ɗan sarki daga Sifen ne ya kafa Kambirij ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen Oksfod su ma suna da nasu labarin na masana falsafar Girka da suka zo ƙasar tun zamanin da. Abin da takardu suka tabbatar kuwa shi ne a 1209 wasu malamai da ɗalibai suka gudu daga Oksfod bayan rikici da mutanen gari, suka sauka a Kambirij, daga nan jami'ar ta samo asali.

Abin bai tsaya a fatar baki ba. Wani malamin coci mai suna Asser, wanda ya zauna a fadar Alfred, ya rubuta tarihin sarkin a 893, kuma bai ambaci wata jami'a a Oksfod ba. A farkon ƙarni na 17 aka sake buga littafin, sai ga wani sakin layi ya bayyana a ciki yana ba da labarin malaman Oksfod a zamanin Alfred. Masana sun gane cushe ne ta hanya mai sauƙi: sun kwatanta shi da bugun 1574 da kuma kwafe-kwafen da suka gabata, suka ga babu wannan sakin layi a cikinsu.

Ranar da kotu ta yanke hukunci a kan tarihi

A 1722 shugaban Univ ya rasu, zaɓen magajinsa ya rikice. Mutum biyu, Thomas Cockman da William Dennison, kowa ya ce shi ne shugaba. A tsarin kwalejojin Ingila akwai wani muƙami da ake kira Maziyarci, wato babban mai sa ido daga waje da ke raba gardama idan ta gagari mutanen gida. Mu ma mun gaji wannan tsari: Shugaban Ƙasa ne Maziyarcin jami'o'in tarayya a Najeriya, gwamnoni kuma na jami'o'in jihohi.

Tun farko hukumar Jami'ar Oksfod ce ke riƙe da wannan matsayi a Univ, tunda a hannunta Wiliyam na Durham ya bar kuɗinsa, kuma ta goyi bayan Dennison. Ɓangaren Cockman suka ce a'a, kwalejin da sarki ya kafa, sarki ne Maziyarcinta. Ka ga tambayar tarihi ta zama tambayar wa zai hau kujera. A 1727 babbar kotun sarki da ke Landan ta karɓi labarin Alfred, ta ce gidan sarauta ne ke da ikon. A 1729 aka tabbatar wa Cockman kujerar.

Akwai wani dattijo da abin ya ƙona wa rai. Sunansa William Smith, tsohon malamin kwalejin ne da ya kwashe shekaru yana warware takardun taskarta ɗaya bayan ɗaya, yana jera su, yana kwafe su da hannunsa. A lokacin shari'ar ya haura shekara 70, yana limancin coci a wani ƙauye na arewacin Ingila. A 1728 ya fitar da littafi yana nuna, takarda bayan takarda, cewa Wiliyam na Durham ne ya kafa kwalejin, kuma babu wata shaidar Alfred kafin shari'ar ƙarni na 14. Littafin ya zo a makare, an riga an yanke hukunci.

Ku lura da wani abu a nan. Smith ma yana da ɓangare a rikicin, domin hujjarsa ta ƙarfafa ikon jami'a ne. Abin da ya bambanta shi da masu koken farko shi ne ya faɗi inda kowace takarda take, ta yadda ko abokin gabarsa zai iya zuwa ya buɗe akwati ya duba. Shi ya sa masu bincike suke amfani da aikinsa har yau, kusan shekara 300 bayan wallafa shi.

Walimar shekara dubu

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. An lanƙaya wa kafuwar shekarar 872, kuma a 1872 kwalejin ta shirya gagarumar walima ta cika shekara 1,000, shekara 144 bayan littafin Smith. A lokacin masana tarihi sun riga sun watsar da labarin, wasunsu ma suka mai da walimar abin dariya. Aka ci aka sha, aka yi jawabai da sunan sarkin da bai taɓa jin sunan kwalejin ba.

A hankali gidan ya dawo kan takardunsa. A 1999 kwalejin ta yi bikin cika shekara 750, tana ƙirge daga 1249. A 2008 mai kula da taskarta, Robin Darwall-Smith, ya wallafa cikakken tarihinta, da labarin Alfred a matsayin abin da yake, wato tatsuniyar da aka ƙaga don cin shari'a. Ƙungiyar masu wasiyya ma sunan Wiliyam na Durham aka sa mata, mutumin da aka danne sunansa tsawon ƙarnoni. Sai dai sawun tsohon labarin bai goge ba. Tambarin kwalejin, mai shuɗin fili da tsuntsaye huɗu masu ruwan zinare, irin wanda aka jingina wa sarakunan Ingila na da ne, kuma hukuncin 1727 ya bar gidan sarauta a matsayin Maziyarci.

Da aka ajiye Alfred, kwalejin ba ta rasa abin faɗa a wajen liyafa ba. A nan masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi digirinsa na farko daga 1959 zuwa 1962. Clement Attlee, Firaministan Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗalibinta ne. Bill Clinton ya zo a 1968, kafin ya zama Shugaban Amurka. Daga Afirka akwai Kofi Busia, wanda ya kammala digirin digirgir a 1947 ya kuma zama Firaministan Ghana daga 1969 zuwa 1972, da Festus Mogae da ya shugabanci Botswana daga 1998 zuwa 2008. Akwai kuma ɓangaren da ba na alfahari ba: sai a 1979, bayan shekara 730, aka fara karɓar ɗalibai mata. A 2020 aka naɗa Valerie Amos, haifaffiyar ƙasar Guyana, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Univ, kuma baƙar fata ta farko da ta shugabanci wata kwaleji a Oksfod.

Tambayoyi huɗu da za ku riƙe

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dawo da darasin Tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma ba ya cikin manhaja a matsayin darasi mai zaman kansa. Da yawanku yanzu kuke fara haɗuwa da shi, kuma a lokaci guda wayoyinku cike suke da labaran asali da hotunan da ake cewa na shekara ɗari ne. Labarin Univ ya bar mana kayan aiki da za ku iya gwada kowane labari da su.

Ta farko: yaushe aka fara faɗin wannan magana? Tsakanin 872 da ranar da aka rubuta koke akwai shekara 500 da ɗoriya, kuma babu takarda ko ɗaya a tsakani da ta haɗa Alfred da kwalejin. Idan tazara ta yi yawa tsakanin aukuwar abu da farkon ambatonsa, sai a yi taka-tsantsan.

Ta biyu: wa ya faɗa, kuma me zai samu? Malaman 1380 gidaje suke karewa, ɓangaren Cockman kujera suke nema. Samun amfani bai isa ya sa a ƙaryata mutum ba, kamar yadda muka gani a kan Smith, amma ya isa ya sa a nemi ya kawo shaida.

Ta uku: shekarun sun yi daidai? Ku jera ranakun haihuwa da na rasuwa a takarda, ku ɗebe. Da wannan kaɗai aka kama maganar Bede.

Ta huɗu: me kwafi mafi tsufa ya ce? Da haka aka gano cushen da aka yi wa littafin Asser. Haka za ku yi da hoto ko saƙon da aka turo muku: ku nemi inda ya fara fitowa kafin ku tura wa wani.

Ku kuma tuna cewa hukuncin kotu da yawan masu maimaita magana da girman walimar da aka yi mata, duk Alfred ya same su, kuma babu wanda ya canja abin da ke cikin akwati.

Ku gwada a makarantarku

Ba sai kuna da zauren 1650 ba kafin ku shirya irin wannan rana. Kulob ɗin Tarihi ko na muhawara zai iya neman izinin shugaban makaranta ya gayyato ƙungiyar tsofaffin ɗalibai wata Asabar, a dafa shinkafa da wake ko a kawo waina, a haɗa da zoɓo, a zauna a babban aji. Sharaɗi ɗaya za ku sa wa kanku: duk wanda zai yi lacca, malami ne ko ɗalibi, ya zo da shaidarsa a hannu.

Shaidun suna kusa da ku. Akwai rijistar ɗaukar ɗalibai ta farko, da littafin da shugabannin makaranta ke rubuta abubuwan da suka faru, da littafin baƙi, da allon dutsen da aka manna a bango ranar buɗewa, da tsofaffin hotuna da takardun sakamako da ke cikin akwatunan iyaye da kakanni. Akwai kuma baba maigadi da tsofaffin masu dafa abinci, waɗanda galibi sun ga shugabanni biyar ko shida sun zo sun wuce. Ku je musu da ladabi, ku rubuta abin da suka faɗa da ranar da suka faɗa, sannan ku kwatanta da takarda.

Za ku ci karo da irin gardamar Univ da Balliol da Merton, domin makarantunmu da yawa sun canja suna ko mazauni. Ku dubi Kwalejin Barewa: an kafa ta a Katsina a 1921, aka buɗe ta a hukumance a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, sunan Barewa kuma a 1971 ta same shi. Wanda ya tambaye ku shekarunta, sai kun fara tambayarsa daga ina yake son a ƙirga. Taku makarantar ma wataƙila haka take: shekarar da ke jikin bajenku dabam, wadda ke shafin farko na rijista dabam.

Idan kun samu irin wannan saɓani, kada ku ɓoye shi don gudun ɓata wa manyan baƙi rai. Ku karanta duka biyun a gabansu, ku faɗi inda kuka samo kowanne, ku roƙi wanda ke da wata takarda a gida ya kawo a ɗauki hotonta. Bayan taro ku rubuta laccar da kyau, ku ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu, ɗaya a ofishin shugaba, da kwanan wata da sunan ajin da ya yi aikin.

Kulob ɗin da ya gudanar da nasa taron zai iya aiko mana da taƙaitaccen rahoto ta hannun malamin Tarihi, tare da hoton takarda mafi tsufa da ya gano. Za mu riƙa buga waɗanda suka zo da shaida a wannan shafi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.